Tattaki, Ƙwallo ko Ƙarfe: Wanne Zai Fi Sauke wa Bakano Damuwa?

Ƙanena yana da rumfar atamfa a Kantin Kwari. Da kaya suka yi tashin gwauron zabo, ciniki ya ja baya, bashi ya hau kansa, sai barci ya ƙaurace masa. Zai kwanta sha ɗaya, ya farka biyu da rabi, idonsa biyu har assalatu yana lissafin waɗanda ke bin sa. Ya daina zama a majalisa, abinci sai dai ya tsakura, yara in sun ɗan yi ƙiriniya ya hau su da faɗa. Da ƙyar muka sa ya je asibiti. Aka ce jininsa ya ɗan hau, akwai kuma alamun ciwon damuwa, ya fara da motsa jiki ya dawo bayan wata guda. Ya same ni a ƙofar gida bayan isha'i ya ce, "Yaya, wai in riƙa motsa jiki. To wane iri? In yi rajistar jim ne, ko in koma ƙwallo, ko irin yawon nan naka na sassafe?"

Yadda ya ja "wai" ɗin na gane a ganinsa korar sa likitan ya yi. Mu dai in ba a rubuta mana ƙwaya ko allura ba, gani muke ba a duba mu ba. Alhali maganar tana da tushe. Tun a 1999 aka yi wani gwaji a Jami'ar Duke da ke Amurka da mutum 156 masu ciwon damuwa, duka daga shekara 50 zuwa sama. Wasu aka sa su motsa jiki sau uku a mako, wasu aka ba su maganin ciwon damuwa mai suna sertraline, wasu aka haɗa musu duka biyun. Bayan mako 16 sauƙin da rukunai ukun suka samu ya yi kusan daidai. A 2024 kuma mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 218 da suka ƙunshi mutum sama da 14,000, aka ga tafiya da sassarfa, da yoga, da ɗaga nauyi suna rage ciwon sosai, kuma gwargwadon yadda mutum ya ɗan ƙara ƙaimi gwargwadon amfanin. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Wanda bai kai nan ba ma bai tashi a tutar babu ba: wani nazari na 2022 ya nuna masu yin rabin ma'aunin haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 18 cikin ɗari, masu cika shi kuwa kashi 25.

Yadda abin yake aiki ba boyayye ba ne. In jiki ya yi zafi, ƙwaƙwalwa na sakin sinadaran da ke dusashe raɗaɗi su kawo natsuwa, shi ne wannan sakayau ɗin da mutum ke ji bayan ya yi gumi ya watsa ruwa. In an ɗore, jiki yana koyon saurin hucewa bayan tashin hankali, barci ya yi nauyi, kuma wani sinadari mai suna BDNF da ke ciyar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yana ƙaruwa. Wannan ko wane irin motsi yana bayarwa. Inda suka rabu shi ne abin da kowanne ke zuwa da shi a gefe: wani hasken safiya, wani jama'a, wani jin cewa kai ma ka iya wani abu. Sannan akwai abin da yake nema a wurinka kafin ka fara, kuma nan ne gizo ke saƙar, domin ciwon damuwa abin da ya fara cinyewa shi ne karsashi. Mai shi tashi daga katifa ma aiki ne.

Na fi sanin tattaki domin shi nake yi. Ina dawowa daga masallaci, in ɗan yi azkar har gari ya fara shaa, sai in zura kambas in fita. Ta Ƙofar Na'isa nake ɓullowa titin BUK, in bi gefen badala wajen Ɗan'agundi, in juyo. A wannan lokacin garin na wasu mutane ne daban: mai shayi yana hura wuta, mai ƙosai ta ɗora kasko man bai yi zafi ba tukuna, almajirai sun duƙunƙune a bakin shago, tsuntsaye na ta hayaniya a kan darbejiya. Minti arba'in zuwa da dawowa. Kafin A Daidaita Sahu su cika titi da hayaƙi da ham na dawo gida. Masu zama wajen Nasarawa suna da Filin Sukuwa, wasu suna zagaya filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, musamman Asabar da Lahadi. Wanda yake son ya ji a jikinsa da gaske ya gwada matakalar Dutsen Dala, zai san cewa yana da huhu.

Babbar ribarsa ga irin ƙanena ita ce lokacin. Hasken safiya da ke shiga ido shi ke saita agogon jiki, ya sa barci ya zo da wuri da daddare. Mai kwana yana juyi, tattakin safe yana yi masa aiki biyu a tafiya ɗaya. Ga shi ba kuɗi, ba rajista, ba jiran kowa ya buɗe maka ƙofa. A ranar da zuciya ta fi baƙi, abin da kawai ake nema shi ne ka sa takalmi ka wuce zaure. Ko minti goma ka yi ka juyo, an yi. Ba kuma ƙaramin motsi ba ne kamar yadda samari ke raina shi: a wani gwaji na 2011 da dattawa 120, waɗanda suka shekara suna tafiya da sauri sau uku a mako, sashen ƙwaƙwalwarsu da ke riƙe tunani ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari, a shekarun da ya saba raguwa.

Sai dai tafiya suna ta tara. Jan silifas ana gaisawa da kowa a hanya yawo ne. Ma'aunin da nake amfani da shi: ka iya yin magana da na kusa da kai, amma in aka ce ka ja aya da ƙira'a numfashi ba zai kai ba. In kana iya rera karatu, ƙara sauri. Sannan akwai Kano ita kanta. Masu ƙwacen waya sun san lokacin da titi ba kowa, don haka a bar wayar a gida, kuma a daina fita cikin duhu. Da hunturu ƙura na tayar wa masu asma, sai an sa takunkumi ko a jira ta lafa. Daga Maris zuwa Mayu, in zafi ya haura digiri 40, duk wanda ya wuce bakwai da rabi bai fita ba ya haƙura sai gobe. Ga kuma mutane. Sau nawa mai mota ya tsaya, "Alhaji lafiya? Mota ta samu matsala ne? Shigo in rage maka hanya." Magidanci a ƙasa da sassafe, a idon wasu, ko karaya ce ko wani abu ya taɓa shi.

Illar da ta fi waɗannan duka ita ce kaɗaici. Mutum zai iya yin minti arba'in yana tafe yana lissafin bashin nan dai da ya hana shi barci, ya dawo da kayansa yadda ya fita da su. Na gwada na gani. Maganinta abokin tafiya, ko da ba za ku ce wa juna uffan ba. Kuma in ka san wani na tsaye a bakin lungu yana jiranka, kunya za ta tashe ka ranar da niyya ta kasa.

Wannan kaɗaicin shi ne abin da ƙwallo ta fi kowa iya kashewa. A 2018 mujallar Lancet Psychiatry ta buga nazarin mutum miliyan 1.2 a Amurka, inda aka tambaye su kwana nawa a watan da ya wuce suka ji ransu ba daɗi. Masu motsa jiki kwanakinsu sun gaza na marasa yi da kusan kashi 43 cikin ɗari, kuma da aka rarraba nau'o'in, wasannin ƙungiya ne a kan gaba, sai keke, sai jim. A yi hattara da wannan lissafin, domin tambaya aka yi, ba gwaji ba. Mai yiwuwa wanda ransa ke fari shi ne dama yake iya zuwa fili. Amma duk wanda ya taɓa buga ƙwallon unguwa ya san akwai gaskiya a ciki. Ba yadda za a yi kana bin ɗan gaba yana neman yanke ka, ka tuna da dilan da ke bin ka kuɗin bandir goma. Awa guda kanka ya huta dole. In an tashi ga tsokana, ga musu, ga ruwan leda ana miƙa wa juna. Ka yi fashin kwana biyu kuwa waya za ta yi ƙara: "Kai, ina ka shige ne? Jiya ba mu da mai tsaron baya." Ga wanda ya janye jikinsa daga mutane, wannan kiran kaɗai magani ne.

To amma ƙwallo tana da sharuɗɗa. Lokacinta bayan la'asar zuwa magariba, daidai lokacin da ɗan Kwari ko ɗan Singa ke tsakiyar ciniki ko rufe rumfa. Filayen unguwa da yawa an yanka su an yi shaguna, waɗanda suka rage tsakuwa ce da ramuka. Gwiwar ɗan shekara arba'in da ya yi shekara goma bai taɓa ƙwallo ba ba ta ɗan ashirin ba ce. Wani maƙwabcinmu ya koma fili da zafinsa, sati na biyu wani yaro ya shigo masa, aka kwashe shi sai wajen mai ɗori. Wata biyu yana kwance a ɗaki, shago a rufe, damuwar da ya je saukewa ta dawo da 'yan'uwanta. Akwai kuma wanda matsalarsa fargaba ce da jin kunyar mutane. Irin wannan in ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga aka yi masa ihu, zai kwana yana maimaita abin a ransa. Shi ƙwallo ba wurin farawarsa ba ne. Wanda ya manyanta kuma yake so, ya nemi tawagar sa'o'insa masu bugawa Asabar ko Lahadi da safe, inda ba a shiga da mugunta. Kar kuma wani ya ce ai yana zuwa gidan kallo. Ihun Arsenal ko "Sai Masu Gida" a kan benci zuciya kawai yake sa wa gudu, ƙafa na nan inda take.

Jim kuwa ina da tabonsa. Na taɓa biyan kuɗin wata uku a wani gidan motsa jiki, da zumuɗina har da sayen sabon wando. Zuwana tara. Kafin in tashi daga aiki, in ratsa cunkoso, in isa, magariba ta kawo jiki. Sau biyu na tarar ba wuta, janareto ba mai, injin gudu a tsaye kamar gunki. Daga nan duk lokacin da na wuce ta ƙofar wurin sai in ji haushin kaina, wato na sayi ƙarin abin damuwa da kuɗina. Wannan ita ce matsalarsa ga mai ciwon damuwa: matakan da ke tsakaninka da ƙarfen sun yi yawa. Kuɗin wata, kuɗin mota, kaya, lokaci, kowanne ƙofa ce da za ka iya juyawa a bakinta.

Duk da haka ba zan zalunce shi ba, domin ɗaga nauyi yana da abin da sauran ba su da shi. Wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 33 ya nuna yana rage alamun ciwon damuwa, kuma abin mamakin, ko mutum bai ƙara wani ƙarfin a-zo-a-gani ba yana samun sauƙin. A tattarawar BMJ ma yana cikin waɗanda mutane suka fi jurewa ba su watsar ba, kuma amfaninsa ya fi fitowa ga mata da matasa. Ni abin da na lura shi ne yana ba mutum lissafin da ke tafiya gaba. Saurayin da ya gama digiri shekara huɗu ba aiki, kullum ana tambayarsa "har yanzu shiru?", in ya ga abin da ya gagare shi ɗagawa watan jiya yau ya ɗaga sau takwas, ya samu abu ɗaya a rayuwarsa da ke amsa ƙoƙarinsa. Wanda ciwonsa jin cewa ba shi da amfani ne, ƙarfe zan nuna masa kafin titi. Ga inuwa da fanka a watan Afrilu, ga rufi da damina, ga tsari daga ƙurar hunturu.

Abin tsoro a can madubi ne da abokai. Yaro ya je neman natsuwa, ya koma auna damtsensa da na wani. Daga nan sai a fara raɗa masa garin kaza da allurar kaza. Alluran ƙara tsoka suna kawo saurin fushi da rashin barci, kuma in an daina su sukan jefa mutum cikin damuwar da ta fi ta farko. Yawan ma ba shi ne ba: a wancan nazarin na Lancet Psychiatry, minti 45 sau uku zuwa biyar a mako ne ya fi dacewa da kwanciyar hankali, masu wuce awa ɗaya da rabi a kowane zama ba su fi su ba. Kuma ba dole sai da kati ba. Samarin unguwa sun daɗe da zuba siminti a gwangwani biyu su soka rodi. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce cur. Tsugunne-tashi da dannan ƙasa ba sa buƙatar komai sai tabarma.

Duk wannan zancen maza ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa ya fi yawa ga mata da kusan rabi, sannan sama da kashi 10 cikin ɗari na masu juna biyu da masu jego suna fama da shi. Matar aure a cikin gari ba za ta fita sassarfa a titi ba, ƙwallo kuwa ba a ma maganarta. In ta ce tana son motsa jiki amsar da za ta ji ita ce, "Shara da wanki da girki ba su ishe ki ba?" Suna da nasu amfanin, amma a wancan nazarin na mutum miliyan 1.2 aikin gida ne a can ƙasa, wajen kashi 10 cikin ɗari kawai ya rage kwanakin rashin jin daɗi. Motsin da mutum ya zaɓa don kansa daban yake da wanda aka ɗora masa, shi ya sa ɗan dako da ɗan garuwa, duk da gumin da suke yi, ba su tsira daga damuwa ba. Abin da na ga yana yi wa mata aiki: su haɗu biyu ko uku su taka zuwa Islamiyya ko gidan suna maimakon hawa A Daidaita, da sauri ba da yanga ba. Ko tsallen igiya a tsakar gida bayan yara sun tafi makaranta. Ko a turo ƙofa a kunna waya a bi masu koyarwa, ko a taka rawa kawai, wadda ita ma ta fito da kyau a gwaje-gwajen da aka yi duk da ba su da yawa. Akwai gidajen motsa jiki masu ware lokaci ko ɓangare na mata zalla, ga mai hali. Maigidan da ke ganin abin baƙo ne ya tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu. Mai jego dai ta jira izinin likita ko ungozoma kafin tsalle-tsalle.

Da azumi lissafin yana sauyawa ga kowa. Tattaki mara nauyi dab da shan ruwa ko bayan asham ya wadatar, ƙarfe da ƙwallo a bar su sai an sha ruwa ciki ya lafa.

In aka matsa mini in zaɓa wa wanda ban sani ba, tattakin safe da aboki zan ce, sau huɗu ko biyar a mako, domin shi kaɗai ne ba ya rushewa ranar da aljihu ya bushe ko zuciya ta ƙi. Bayan wata guda, in jiki ya saba, a ƙara masa ƙarfe ko tsugunne-tashi kwana biyu. Wanda kaɗaici ke ci kuma gwiwarsa lafiya, ƙwallo ta fi masa. Daɗin da ake ji bayan fita ɗaya na 'yan awanni ne, sauyi na gaske sai an yi makonni, wata ɗaya zuwa biyu, don haka kar a yanke hukunci a kwana biyar. Mai hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya ya faɗa wa likitansa kafin ya fara mai tsanani, kuma duk wanda ya ji ƙirjinsa ya riƙe ko jiri na ɗibarsa ya tsaya nan take.

Akwai inda babu ɗaya cikin ukun da zai isa shi kaɗai. In mutum ya haura mako biyu ba ya jin daɗin komai, ya kasa fita nema, ko ya fara cewa gara mutuwa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, wannan asibiti za a kai shi yau, ba fili ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba ya nufin an haukace. Ƙasar ma ta sauya doka a Janairun 2023, aka ajiye tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 aka kawo wadda ta san mai wannan lalura mara lafiya ne mai haƙƙi. Wanda aka ɗora a kan magani kar ya ajiye shi don ya fara tattaki ya ji dama, a bar likita ya rage da kansa. Addu'a da ruƙiyya kuma ba su hana ko ɗaya.

Ƙanena bai yi rajistar jim ba, na ba shi labarin zuwana tara. Ya haɗu da wani tela maƙwabcinsa mai ciwon suga, suna fita shida da kwata, Litinin zuwa Alhamis. Satin farko telan sai ya yi ta buga ƙofa kafin ya fito, yana ƙunƙuni. Ranar Lahadi yana zuwa filin makarantar firamaren unguwarsu, amma ya ce shi gola zai tsaya, ba mai karya masa ƙafa ana bin sa bashi. Ya koma wajen likita kamar yadda aka ce. Bashin har yanzu da saura. Barcin dai ya matsa daga biyu da rabi zuwa wajen huɗu da rabi, kuma shekaranjiya da na leƙa majalisa bayan isha'i na tarar da shi a tsakiya, yana musu da ƙarfi a kan wani fenareti da ya rantse ya taɓa da yatsa kafin ta shiga.